Aji ko ofishin hukuma: ina mai nazarin gasar kasuwa zai fara sa ƙafa?

Ranar wata Asabar bayan la'asar wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a ƙofar gidana da ke Samaru, riƙe da ambulan biyu a cikin leda saboda yayyafin da ake yi. Bayan mun gaisa na tambayi lafiyar Hajiyarsa, sai ya zaro su ya ajiye a kan tabarma. Ɗaya takardar ɗaukarsa aikin koyarwa ce a sashen tattalin arziki, a matakin ƙaramin malami. Ɗayar kuma daga Abuja ta fito, daga ɗaya daga cikin hukumomin da ke sa ido a kan kamfanoni.

"Malam, na yi istihara, na kuma kai wa Hajiya maganar. Ta ce ita ba ta san kan abin ba, in zo wurinka."

Kundin digirinsa na biyu a kan farashin siminti ya rubuta shi, kuma tun yana aji uku na lura irin tambayoyin da ke cin ransa ke nan: me ya sa kaya kaza ya ƙi sauka ko da kuɗin dala ya sauka, wa ke yanke farashi idan masu sayarwa ba su wuce uku ba, yaushe ne girman kamfani ke zama babakere. Fannin da ya zaɓa ke nan, nazarin gasa a kasuwa da yadda hukuma ke daidaita ta. Na daɗe da sanin cewa ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka tattauna, da abin da na ƙara tunawa bayan ya tafi.

Da a ce shekara goma sha biyar da suka wuce ya zo, da zancen bai yi tsawo ba, don ƙasar ba ta ma da cikakkiyar dokar gasa. Amurka ta yi tata tun 1890, da ita aka tarwatsa kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911. Afirka ta Kudu ta yi sabuwar tata a 1998. Mu sai a farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa FCCPC, hukumar kula da gasa da kare masu saye, da kotunta ta musamman. Tun daga nan hukumar ta ci kamfanin taba na British American Tobacco tarar dala miliyan 110 a ƙarshen 2023, ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a Yulin 2024. Ga NCC a harkar sadarwa, ga NERC a lantarki tun dokar 2005, ga hukumomi biyun da dokar man fetur ta 2021 ta haifar. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin. Duk waɗannan wurare suna buƙatar wanda ya iya karanta kasuwa, masu wannan ƙwarewa kuwa ba su da yawa. A sassanmu na tattalin arziki, yawancin ɗalibai hauhawar farashi da manufofin Babban Banki suke bi.

Mutane da yawa suna ɗaukar zaɓin a matsayin kuɗi a gefe guda, daraja a ɗaya gefen. Zan zo kan kuɗi, amma abin da ya fi raba hanyoyin biyu a wurina shi ne alƙaluma da baki. A hukuma za ka ga alƙaluman, sai dai bakinka a rufe yake. A jami'a bakinka a buɗe yake, alƙaluman ne babu.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi na gane ko kamfanoni kaɗan ne suka mamaye kasuwa, da ake koya wa ɗalibi a makon farko: ka ɗauki kason kowane kamfani a kasuwa, ka ninka shi da kansa, ka tara. A ce kamfanoni uku ne, ɗaya na da kashi 60, ɗaya 30, ɗaya 10. Jimla 4,600 ke nan. Da kamfanoni goma ne masu kaso daidai, da 1,000 za a samu, wato gwargwadon girman jimlar, gwargwadon mamayar. Yaron firamare ma zai iya wannan lissafi. Wahalar tana wurin samo kason. Kowa ya san Dangote da BUA da Lafarge ne ke riƙe da kasuwar siminti, amma buhu nawa kowannensu ya sauke a Zariya a watan jiya, a kan nawa ya ba dila, wane rangwame ya yi wa wanda ya yarda ba zai sayar da na wani ba? Ɗalibin nan nawa ya sha yawo tsakanin PZ da Sabon Gari da Ɗanmagaji yana tambayar masu shaguna. Wasu suka ɗauka ma'aikacin haraji ne, wani dattijo ya ba shi kujera da ruwa ya ce masa, "Ɗana, farashin da nake saya sirrina ne, na sayarwa kuwa ga shi a allo." Da farashin allo kaɗai ya rubuta kundinsa, kuma shi da kansa ya san inda ya gaza.

Ma'aikacin hukuma ba ya wannan roƙo. Doka ta ba hukumar ikon ta buƙaci takardun kamfani, kuma duk manyan kamfanonin da ke son haɗewa sai sun kai mata lissafinsu ta duba. Saurayin da ya faɗa sashen da ya dace zai ga a shekara biyu abin da ni ban gani ba a shekara ashirin: ainihin kuɗin samar da kaya, yarjejeniyoyin da ke tsakanin kamfani da dilolinsa, wasiƙun da ba a rubuta su don idon bare ba. Wannan makaranta ce da babu irinta a aji. Sai dai abin da ya gani amana ne, ba zai buga shi a mujalla da sunansa ba, ba zai faɗe shi a rediyo ba. Rahoton da ya kwana uku yana rubutawa zai fita da tambarin hukuma, ko kuma ya kwanta a durowa idan na sama sun ga lokaci bai yi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wanda kuwa bai iya wannan haƙurin ba zai sha wuya.

Amma kada a ɗauka malamin jami'a hannunsa wayam yake. Akwai kasuwannin da babu wata hukuma da ke da alƙalumansu, kuma a ƙofar gidanmu suke. Wa ya taɓa bin buhun masara daga gonar Soba ko Giwa, ta hannun dillali da mai sito da mai tirela, ya rubuta abin da kowa ya ci a kai? Yadda ƙungiyar direbobi ke yanke kuɗin mota a Kwangila, haɗa baki ne ko tsari ne da ke hana rikici? Masu POS da ke unguwa ɗaya, me ya sa cajinsu ya zo ɗaya? A 2023 sai da FCCPC ta gargaɗi ƙungiyarsu a kan yunƙurin tsayar da farashi na bai ɗaya. Irin wannan bincike littafin rubutu yake so da takalmi mai ƙwari da shekara biyu ta naci. An taɓa yin irinsa a nan: a shekarun 1960 David Norman da ma'aikatansa na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru sun bi gidajen manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi tsawon shekara suna rubuta aiki da amfanin gona, har yau ana komawa ga abin da suka tara. Ma'aikacin hukuma ba shi da wannan sarari. Fayil ɗin da aka ajiye masa a tebur shi ne aikinsa.

Na ɗan ratse da shi zuwa wani wuri da nake son ɗalibaina su riƙa tunawa. Wannan fanni ba baƙo ba ne a wurinmu. An roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, bai yi ba. Shi ne kuma ya hana ɓoye kaya, ya hana tarar fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, ya hana mutum ya taya kayan da ba ya nufin saya don kawai ya ɗaga kuɗinsu. Sayyidina Umar ya taɓa iske Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a ƙasa da farashin kasuwa, ya ce ko ya ƙara ko ya tashi. Malaman fiƙihu sun yi ta muhawara a kan wannan, kuma ita ce muhawarar da ake yi yau a kan kamfanin da ke karya farashi don ya kori ƙanana. Ɗan Zazzau da ya tashi yana jin waɗannan a makarantar zaure yana da wata ƙofa ta shiga fannin, kuma a jami'a ne kaɗai zai sami lokacin bin ta.

To, kuɗi. Ba zan yi wa kowa kara ba. Hukumomin da ke tara kuɗin shigarsu daga lasisi da kason da kamfanoni ke biya, irin na sadarwa da lantarki, albashinsu da alawus ɗinsu sun fi na ƙaramin malami nesa ba kusa ba. Ga horo a ƙasashen waje, ga wuta da intanet a ofis. Malamin jami'ar tarayya kuwa ya ga yajin aikin wata tara a 2020, ya ga na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka kuma riƙe albashi. Na san abokan aiki da suka koma noma gadan-gadan a waccan damina, na san wanda ya sayar da motarsa. Duk wanda ya ce wa saurayi wannan ba abin dubawa ba ne, bai yi masa adalci ba. Abin da kawai zan ƙara shi ne a cire kuɗin haya kafin a kwatanta. Ƙaramin ma'aikaci a Abuja, Kubwa ko Lugbe ko Mararraba zai zauna, ya fito da asuba ya koma bayan isha. A Zariya kuɗin da zai kama ɗaki ɗaya a can zai ba shi gida da tsakar gida, ga gona a bayan gari, ga mahaifiya a kusa. Duk da haka, in an gama lissafi, hukuma ce ke gaba.

Tsanin jami'a dogo ne amma a bayyane yake. Daga mataimakin malami zuwa malami na biyu, na ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa, galibi shekara uku-uku tsakanin mataki da mataki, kuma abin da ake ƙirgawa sananne ne: digirin digirgir, muƙalun da ka buga, ɗaliban da ka duba. Farfesa sai ya kai 70 yake ritaya, ma'aikacin gwamnati kuwa 60, ko shekara 35 a bakin aiki. Illar tsarin ita ce ƙirga yake yi, ba ya aunawa sosai. Mai muƙala goma marasa nauyi yakan riga mai guda uku masu kyau, bincike a kan kasuwa ɗaya kuwa yana cin lokaci. Ga aji mai ɗalibi ɗari uku ko fiye, ga takardun jarrabawa jibge a falo har yara su rasa wurin zama. Wanda bai ware wa bincikensa ranaku ya kare su ba, zai wayi gari shekara goma sun wuce yana maimaita lakca ɗaya.

A hukuma abin da ya fi ba ni tsoro ba cin hanci na fili ba ne. George Stigler na Jami'ar Chicago ya yi rubutu a 1971 cewa sau da yawa masana'antar da aka kafa hukuma don ta sa wa ido ita ke juya hukumar. A hankali abin yake zuwa. Kamfani ne ke da ƙwararrun lauyoyi, shi ke shirya taron bita a otal, shi ke kawo alƙaluman da za ka yi aiki da su, shi ne kuma mai yiwuwa zai ɗauke ka aiki idan ka bar gwamnati. Matar da ke sayar da ƙanƙara a Tudun Wada, wadda kuɗin wuta ke cinye ribarta, ba za ta taɓa hawa benen ofishinka ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ladan nan kuwa wani lokaci bai wuce girmamawa da tikitin jirgi ba. Malamin jami'a ma bai tsira ba, domin aikin ba da shawara da kamfanoni ke biya yana iya sayen alƙalaminsa. Bambancin shi ne shi yana iya cewa a'a ya koma aji, ba wanda zai canja masa wurin aiki.

A gefe guda kuma, a hukuma ne ilimin ke taɓa rayuwar mutane kai tsaye. A Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane a kan dala miliyan 285. Da farko naira 50 ake biya a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi. A can gasa ce ta yi aikin, hukuma ƙofa ta buɗe. Lantarki ba haka yake ba: ba za a kafa turaku layi biyu a titi ɗaya don kamfanoni su yi gasa ba, saboda haka da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a 2013, NERC aka bar wa yanke farashi. A Afrilun 2024 ta kai na rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit. Wani ne ya zauna ya yi wannan lissafi, da alƙaluman da kamfanoni suka ba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: kamfani ya san ainihin abin da yake kashewa, hukuma ba ta sani ba sai abin da aka nuna mata. Wannan matsala ce Jean-Jacques Laffont da Jean Tirole na Tuluz a Faransa suka shafe shekaru suna warwarewa, wato yadda za a tsara farashi ta yadda faɗin gaskiya da rage ɓarna za su zama riba ga kamfanin kansa. A kan wannan fanni aka ba Tirole kyautar Nobel a 2014. Ina so a ce wanda ke zaune a kan teburin lissafin kuɗin wutarmu ya san wannan aiki ciki da bai.

Nan ne na faɗa wa ɗalibina inda na karkata. Ƙofar da ke tsakanin jami'a da hukuma ta fi buɗuwa ta gefe ɗaya. Stephen Littlechild yana farfesa a Birmingham ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya rahoton 1983 a kan ƙayyade farashin kamfanin tarho, daga baya aka ba shi riƙon hukumar lantarki a 1989. Alfred Kahn daga Jami'ar Cornell ya je ya shugabanci hukumar jiragen sama ta Amurka a 1977. John Vickers ya bar Oxford ya riƙe hukumar gasa ta Birtaniya daga 2000 zuwa 2005, ya koma Oxford. A gida ma, daga Jami'ar Bayero aka ɗauko Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ya shugabanci NCC a 2015, duk da shi injiniya ne. Mai digirin digirgir da rubuce-rubuce, hukuma tana iya ɗaukarsa a sama, ko ta are shi na shekara ɗaya lokacin hutun bincikensa. Wanda kuwa ya yi shekara goma sha biyu a ofis ba tare da digirgir ko muƙala ba, in ya nemi dawowa jami'a, kusa da ƙasan tsani za a ajiye shi, komai yawan abin da ya sani. Kuma karatun digirgir a wannan fanni lissafi ne mai nauyi, na ƙididdiga da na dabarun abokan hamayya. Ya fi shiga kai kafin iyali su yi yawa.

Sharaɗin shi ne ya sami mai duba shi da ya san fannin, don ba kowane sashe ke da shi ba. In babu a kusa, ya nemi na biyu daga wani wuri. Akwai shirin digirgir na haɗin gwiwa na ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka, AERC, mai hedikwata a Nairobi, akwai cibiyar nazarin gasa a Jami'ar Johannesburg wadda matsalolin da take bincika suka fi kama da namu fiye da na Turai. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na tallafa wa malaman da ke bakin aiki su yi karatu, wannan ma wani dalili ne na karɓar takardar jami'a tun da wuri.

Ba kowa nake ba wannan shawara ba. Shekarun baya wata ɗalibata ta zo da irin wannan tambaya, mahaifinta ya rasu, ƙanne biyar na makaranta a wuyanta. Ban ɓata mata lokaci da zancen tsani ba, na ce ta tafi Abuja. Abu biyu na roƙe ta. Ta tabbatar sashen nazarin farashi ko na binciken kamfanoni aka kai ta, domin mai digirin tattalin arziki da aka ajiye a sashen mulki zai manta abin da ya karanta cikin shekara uku. Sannan ta tambayi ƙa'idar hutun ƙaro karatu tun kafin ta sa hannu, ta kuma yi rajistar digirgir da zarar an tabbatar da ita. Haka zan ce wa wanda koyarwa ba ta cikin jininsa. Malamin da ke shiga aji kamar an tura shi yana cutar da kansa, yana cutar da yara ɗari uku.

Shi wannan saurayi bai yi aure ba, yayansa ne ke riƙe da gida, kuma na sha ganinsa yana yi wa 'yan ajinsa bayani a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi lakca, ba wanda ya sa shi.

"Ni dai da ni ne kai, ta jami'a zan ɗauka. Ka ba ta shekara shida ko bakwai, ka gama digirgir, ka mallaki kasuwa ɗaya da za a ce in ana maganarta kai ake nema. Bayan nan in Abuja ta kira, ka je."

Ya yi shiru yana juya ambulan ɗin Abuja a hannunsa. "Malam, in kuma ba su sake kira ba fa?"

Na ce masa hakan na iya faruwa, ba ni da tabbacin da zan ba shi, kuma irin wannan takarda ba kullum take zuwa hannun wanda ba shi da kowa a sama ba. Ya tambaye ni wace kasuwa nake ganin ya kama in ya zauna. Na ce taki, daga masana'antar haɗawa zuwa buhun da manomin Makarfi ke ɗorawa a babur. Aka kira magariba muka tashi. Ya mayar da takardun biyu cikin leda, ya ce suna da mako biyu kafin wa'adin amsa ya cika, zai sake zama da yayansa tukuna.